Kayan Azumin Amir

Tun da nake ban taɓa jin ƙyamar wayata ba sai cikin makon nan. Ku da kuka saba bina a wannan shafin kun san ni da surutu, amma kwana huɗu na yi ko harafi ɗaya ban iya rubutawa ba. Yau na ce bari in amayar da abin da ke cikina. Mai zagi ya zaga, mai addu'a na gode.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Muhibba, shekarata ashirin da biyu, a Mararaba muke zaune. Ina aikin manna duwatsu a jikin leshi a shagon ɗinkin Madam Patricia da ke Karu. Yayyena biyu suna gidajen aurensu a Zariya, ni kaɗai na rage a gaban iyayenmu. Baba direba ne, ya daɗe yana tuƙi, har bara waccan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, Alhamdulillahi, amma hannu da ƙafa sai a hankali. Kuma in ba ku san Baba ba, mutum ne da ko ruwa ba ya roƙa. Idan maƙwabta suka aiko mana da abinci, ba a mayar da kwanon wayam, sai ya sa Umma ta saka wani abu a ciki, ko da ƙullin daddawa ne.

Shi kuma Amir, wanda yake nemana, wata takwas ke nan muna tare. Yana da ɗan shagon kayan waya a Masaka, caja da iyafis da irin su, amma in ka tambaye shi sana'arsa cewa zai yi shi ɗan kirifto ne, wato mai harkar kuɗin intanet. Dogo ne, ga iya ɗaukar wanka, ga ƙamshi. Babban yatsansa kuwa ba ya rabuwa da fuskar waya. Ko zance ya zo, rabin hirar "ta kusa fashewa" ce. Ni dai ban taɓa tambayar mece ce za ta fashe ba, dariya kawai nake yi.

Saura kwana uku a kama azumin bana ya zo gidanmu da Keke Napep shaƙe da kaya. Kun dai san al'ada, saurayi mai niyyar gaske yakan kawo kayan azumi gidan surukai. Buhun shinkafa, katan ɗin taliya, sukari, madara, gero, jarkar mai. Saura kaɗan Umma ta rangaɗa guɗa. A lokacin Baba yana zaune a tsakar gida kan tabarma, daga shi sai singileti da wandon gida, don zafin ranar nan ba a magana, kuma Umma ta gama shafa masa man zafi a kafaɗa ke nan.

"Ku ba ni riga in sa," in ji Baba, "suruki ya shigo."

"Haba Baba, ai ni ɗa ne," Amir ya ce da sauri. "Yi zamanka a haka, kada ka wahalar da kanka."

Ya jawo buhun shinkafar har gaban Baba, ya durƙusa a gefensa, ya miƙa wa mai Keken wayarsa ya ce ya ɗauke su hoto. Na tarihi, in ji shi. Ni kuwa ina tsaye da kofin ruwan da na kawo masa, zuciyata fal, ina cewa a raina Allah Ka ba ni miji mai girmama iyayena, ga shi kuwa Ka ba ni. Ku riƙe wannan wautar tawa, kada ku manta.

Bayan Salla manya suka yi magana, aka tsayar cewa ranar Asabar iyayensa maza za su zo sa rana.

Ranar Litinin ina shago saƙonsa ya shigo.

"Amaryata, lokaci ya yi da za ki shigo harkar nan."

"Wace harka kuma?"

"Wani dandali ne kamar Fesbuk, amma shi biyanki ake yi. Ki yi rubutu, mutane su danna miki ƙuri'a, ƙuri'ar ta zama koyin, wato kuɗin intanet, koyin ya zama kuɗi a hannu."

"To ni me zan rubuta?"

"Komai ma. Ke da kike mace kuma ga hijabi, wallahi sai kin fi ni samu. Ranar Laraba ki je ajin Elvis, mai koyar da harkar, na ba shi sunanki."

Ba zan faɗi sunan dandalin ba, ba zan yi musu talla kyauta ba. Amma maganar Allah na yi murna. Na ce in ma ɗan kuɗin data da na kwalliya zan riƙa samu a ɗakina, ai ya fi zaman jiran miji ya dawo.

Laraba na roƙi Madam ta ba ni rabin yini. Na sa doguwar rigata baƙa mai aikin zare a hannu, na ɗora hijabi ruwan hanta. Kindness, abokiyar aikina da muke zama benci ɗaya, ta ce sai ta raka ni, wai ita ma ta gaji da warin gam.

Ajin a saman wata filaza yake a bakin titi, ɗaki guda, kujerun roba, fanka ɗaya tana juya zafi, ƙarar janareta da hon ɗin motocin da gosulo ya riƙe suna shigowa ta taga. Mun kai mu ashirin. Akwai 'yan acaɓa, akwai wata uwa da goyo, akwai wani dattijo da takardun fansho a leda. Elvis ɗin kuwa wani siriri ne da kwat a cikin wannan zafin, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf.

"Hajiya, kai ne na Oga Amir?" ya ce da ni. "Zo ka zauna gaba. Mijinka babban mutum ne a wannan harka."

Kindness ta dangwale ni da gwiwar hannu. "Ka ji ko? Matar babban mutum."

Ya fara bayani. Wai abin a kan wani tsari yake da suke kira bulokcen. Ya ce mu ɗauka wani littafi ne da ke hannun dubban mutane a lokaci guda, kowa da kwafinsa, duk abin da aka rubuta sai ya shiga na kowa. In ka yaga shafi a naka, na sauran yana nan.

"Saboda haka," ya ce yana buga allo da maka, "babu gwamnati, babu kamfani, babu wanda zai iya goge maganarka. Har abada! Wannan shi ne 'yanci."

Aka tafa. Har da ni, Allah Ya yafe min.

Ya buɗe mana asusu ɗaya bayan ɗaya. Aka ba kowa wasu kalmomin Turanci goma sha biyu marasa kan gado, aka ce mu rubuta a takarda mu ɓoye, ko uwarka kada ta gani, in suka ɓata komai ya tafi. Dattijon nan ya tambaya, to in sun ɓata wane ofis zai je? Elvis ya ce babu ofis. Dattijon ya ce to wa zai kama? Elvis ya ce babu wanda zai kama. Sai ya naɗe ledarsa, ni ma a nan na fara jin wani iri.

Sannan aka zo kan rubutun farko. Doka ce wai, sabon shiga sai ya gabatar da kansa, ya ɗauki hoto riƙe da takarda mai sunansa da kwanan wata, don a tabbatar mutum ne. Muka jeru a jikin bango kowa da takardarsa a ƙirji, kamar waɗanda aka kama da kayan sata. Da aka zo kaina na gyara hijabi na yi murmushi.

"A'a Hajiya, rage dariya," in ji Elvis. "Sunkuyar da kai kaɗan. Manyan kifi ba su son wanda ya ƙoshi."

"Su wane ne manyan kifi?"

"Masu babban koyin, mutanen waje. Ƙuri'an mutum ɗaya a cikinsu ya fi na mutum dubu irin mu. In ya tausaya maka, ka haye."

Na rage murmushin. Na sunkuyar da kai. Wannan hoton yana can yanzu haka, kuma in maganar Elvis gaskiya ce zai fi jikokina daɗewa a duniya.

Layi uku kacal na rubuta a ƙasansa. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga saƙonni. "Barka da zuwa kyakkyawa, danna min in danna miki." "Rubutu mai ma'ana, na ƙaru sosai." Da me ka ƙaru, bawan Allah? Da sunana da unguwarmu? Na shiga shafin mai wannan maganar don in ga ko wane ne, sai na tarar ya ajiye wannan jimlar sak a ƙarƙashin rubutun wata mata da take ba da labarin rasuwar mahaifiyarta. Rubutu mai ma'ana, na ƙaru sosai.

Na ci gaba da gangarawa. Wannan ya ɗauki farantin abincinsa, wancan ya ɗauki ƙafarsa da ta kumbura, wata ta ɗauki ɗanta a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu. A ƙasan kowane hoto ga wata 'yar lamba tana nuna abin da ya jawo. Abinci ba ya kawo komai. Ciwo ya fi abinci tsada. Kuma kowa sai ya rufe da kirarin manyan kifayen nan, yana ambaton sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana musu addu'ar da bai yi wa ubansa ba.

"Kindness," na ce a hankali, "wannan ai bara ce."

"Bara ne mana," ta ce, "amma da data."

Muka koma shago wajen azahar. Madam ta tafi kai ɗinki Nyanya, daga ni sai Kindness da tiren duwatsu. Ina ta juya abin a waya, sai na ga wani wuri an rubuta sunan wanda ya gayyato ni. Ba sunan Amir ba ne, wani laƙabi ne na Turanci mai nufin mai taimakon al'umma. Sai a lokacin na tuna bai taɓa nuna min shafinsa ba. Na danna.

Shi ne. Ga shi da farar shadda yana miƙa wa wata mai tallan gyaɗa leda. Ga shi yana ba wani mai gyaran takalmi ruwan roba. Na ce to, ba laifi, ko da yake sadakar da aka yi da mai hoto ban san matsayinta ba. Na ƙara gangarawa.

Sai na ga tabarmarmu.

Tabarmar na fara ganewa, mai ratsin kore, wadda gefenta ya ƙone da gawayi. Sannan bangon tsakar gidanmu. Sannan Baba, da singileti, kafaɗarsa tana ƙyallin man zafi, hannunsa na hagu a kwance kan cinya kamar ba nasa ba, buhun shinkafa a gabansa, Amir a durƙushe yana kallon kyamara da fuskar tausayi. An rage wa hoton haske, har gidanmu ya koma kamar kango.

Da Turanci ya yi rubutun, amma bari in juya muku shi yadda yake. Kan labarin: "Yau na ciyar da wani tsoho mai shanyewar jiki wanda 'ya'yansa suka watsar." A ciki ya ce a hanya ya ji labarinsa, ya bi lungu-lungu har ya gano shi. Ya ce ya tarar da shi kwana biyu bai ci komai ba. Ya ce tsohon ya yi kuka ya riƙe masa hannu. Ya ce da taimakonku zan ci gaba da duba shi.

Kuma a can gefen hoton, inda ya yanke bai yanke duka ba, ga hannu riƙe da kofin ruwa, da jan lalle a yatsu. Hannuna. Hannun 'yar da ta watsar da ubanta.

Lambar da ke ƙasan wannan hoton ta fi ta duk sauran hotunansa in an haɗa.

Ban san na miƙe ba sai da na ji tiren ya kife, duwatsu suka watsu ko'ina a ƙasa. Kindness ta karɓi wayar ta duba, ta kalle ni, ta sake dubawa.

"Yesu! Muhibba, wannan ba Babanka ba ne?"

Bayan shago na zaga na jingina da bango. Abin da yake ta min yawo a kai shi ne, wata guda cur da wannan shinkafar muka yi buɗa-baki. Ni na dafa ta da hannuna. Ni na riƙa ba Baba a baki ranakun da hannunsa na dama ya gaji.

Na tura wa Amir hoton ba tare da na ce komai ba. Alamar ya gani ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya fara, ya tsaya. Can sai ga shi: "Zan miki bayani. Kada ki gaya wa kowa. Gobe ina zuwa."

Alhamis bayan la'asar ya zo. Na same shi a kan dakalin ƙofar gida inda muke zance, ya sha wani yadi ruwan toka, ya ajiye min leda a gefe, na ga tsire ne da lemo. Ko kallonta ban yi ba.

"Ranki ya daɗe, irin wannan fushi haka?"

"Goge shi."

"Ki zauna mana tukuna."

"Amir, goge shi yanzu a gabana."

Ya sosa ƙeya. "Ai Elvis ya yi muku bayani. Ba ya goguwa. Zan iya canza rubutun da ke sama, amma na farkon yana nan a ciki, duk mai so zai gani."

"Ka san da haka ka saka?"

"Ke Muhibba, ki yi tunani da hankali. Wa ya san Baba a can? Mutanen nan wani a Koriya yake, wani a can ƙasar da ban ma iya faɗin sunanta ba. Har su mutu ba za su taka Mararaba ba."

"Elvis fa? A Koriya yake? Mutum ashirin na gani jiya a ajinsa, duk 'yan garin nan, kuma kai yake nuna musu a matsayin gwani."

Sai ya sauya murya, irin muryar da yake min in yana so in yi dariya. "Labari ne fa kawai. Kowa haka yake yi a wurin. In na rubuta na kai wa surukina kayan azumi, wa zai danna? Ai ba ƙarya na yi duka ba, na kawo kayan ko ban kawo ba?"

"Ka ce mun watsar da shi."

"Gishiri ne."

"Ka ce ya yi kuka. Ubana. Ranar da ya faɗi a bakin mota ma bai yi kuka ba."

"To na ji, na yi kuskure a nan." Ya matso. "Amma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Akwatunan lefenki guda huɗu da ke ɗakin Hajiyata, daga ina kike zaton suka fito? Wannan hoton ne. Wallahi ko sisi ban ci ba, a kanki na kashe. Kin ga ai gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."

'Yan uwa, da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Wato atamfofin da zan ɗaura, da takalman, da mayafan, duk da singiletin Baba aka saye su. Kuma yana faɗa yana kallona, yana jiran in ce Allah Ya saka da alheri.

"Shi ya sa ka ce in shigo? Mace da hijabi?"

"Ke ma ai don ki samu ne. Da mun yi aure sai mu haɗa ƙarfi. Kin ga ke kina gidan kullum, kin san yanayin jikinsa, in kina ɗan rubuta yadda yake samun sauƙi..."

Bai ƙarasa ba na shige gida na turo ƙyaure. Ledar tsiren tana nan a kan dakali har almuru, ban san wanda ya ɗauke ta ba.

Juma'a ban je aiki ba, muna suyar cincin da dubulan na baƙin gobe. Ina murza ƙullu Umma tana kan kasko. Da na ga jarkar da take tsiyayar mai, sai hawaye. Ta tsare ni da tambaya har na nuna mata, na karanta mata a hankali don kada Baba ya ji daga ɗaki.

Cincin ɗin kaskon ya fara ƙonewa. Ta kwashe, ta goge fuska da gefen zani.

"Allah Ya isa," ta ce. Sannan ta ce, "Amma ki rufa min asiri, Muhibba, kada Malam ya ji."

"Umma, to auren fa?"

"Auren me ya yi? Yaro ne, ya yi wauta, za ki gyara shi a ɗaki. An gaya wa dangi, kawunki Manniru yana hanya daga Zariya. Gobe in kika ce ba kya so, ubanki zai tambaye ki dalili. In kika faɗa masa, kin san abin da likita ya ce a kan ɓacin rai. So kike ki ƙarasa min shi?"

"In aure shi ke nan, ina kallon fuskarsa kullum?"

"Mu da muka zauna, kina zaton ba mu haɗiye komai ba?" Ta zuba wani cincin ɗin a mai. "Gobe zai kira ki ya tambaye ki, kamar yadda ya yi wa yayyenki. Ba sai kin ce komai ba. Ki sunkuyar da kai kawai, shirun budurwa ai shi ne amsarta."

Ga inda aka ajiye ni. In na yi shiru, na zama matar Amir. In na yi magana, sai na faɗi dalili, dalilin kuwa zai iya kayar da Baba karo na biyu. Saƙonnin Amir suna ta shigowa, ban buɗe ba, sai dai in ga kawunansu. "Amaryata ki yi haƙuri." "Na canza rubutun." "Kin ci abinci?" Har dandalin ma bai bar ni ba, shi ma yana ta turo min cewa wani ya danna wa hotona ƙuri'a.

Asabar da hantsi suka iso, mota biyu. Na leƙa ta labule na ga dattawa huɗu da manyan riguna, ana sauke ƙwaryar goro da katan ɗin alawa. Kawu Manniru ya shimfiɗa musu darduma a rumfar ƙofar gida. Umma ta sa na saka leshi ruwan zuma, ta ɗaura min ɗankwali da kanta, tana ɗaurawa tana raɗa min, "Don Allah, don Annabi."

Sai Kawu ya leƙo. "Muhibba, zo, Yaya yana kira."

Baba yana zaune a bakin gado, an sa masa farar shadda da hula zanna, sandarsa a jingine da bango. Ya ce wa Kawu ya ba mu wuri. Na durƙusa a gabansa, idona a kan ledar ɗakin.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana. "Mutanen nan sun zo neman rana. Ban ba su amsa ba sai na ji daga gare ki. Kin amince da yaron nan?"

Na yi shiru. Ina jin motsin Umma a bayan labule. Ina jin dariyar dattawan a waje, wani yana ba da labarin gosulon da suka sha a hanya. Na san in na ƙara numfashi uku a haka, Baba zai ce Alhamdulillahi ya kira Kawu.

"Ban amince ba, Baba."

Wani abu ya faɗi a bayan labule, ina jin murfin kwano ne.

"To," in ji Baba. "Me ya yi miki?"

"Ba abin da ya yi. Ni ce kawai na ji ya fita daga raina."

Na riga na shirya wannan tun safe. Gara a ce Muhibba ce mai ruwan ido, ta ci kayan yaro ta yaudare shi. Gara unguwa ta yi da ni shekara guda. Zan iya ɗauka.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ɗago kanki." Na ɗago.

"Hoton nan ne?"

Na juya wajen labule.

"Ba uwarki ba ce, ba wanda ya gaya min," ya ce. "Ke dai kin san ni direba ne, amma ba ki taɓa tambayar wa nake tuƙawa ba. Shekara goma sha tara ina jan motar wata ƙungiyar agaji. Ni nake kai su ƙauyuka da masu kyamara. Na san yadda ake jawo buhu gaban mutum a juya rubutun ya kalli mai ɗauka. Na san dalilin da ya sa ake ce wa mutum kada ya sa riga. Ni da bakina na sha faɗa wa tsofaffi haka, don ni nake musu tafinta." Ya gyara zama. "Tun da ya durƙusa a gefena na gane. Ban dai san inda zai kai shi ba."

"Baba, to me ya sa ba ka..."

"Na ɗaga kai na gan ki tsaye da kofi, bakinki har kunne. Na ce in dai wannan ne kuɗin farin cikin uwata, ai ba tsada."

Kukan da nake riƙewa tun Laraba ya ƙwace. Na kifa kaina a gwiwarsa, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan ɗankwalina ya bar ni na yi mai isata. Bai tambaye ni abin da aka rubuta a ƙasan hoton ba. Ni ma ban faɗa ba, kuma ba zan taɓa faɗa ba.

Kawu Manniru ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. "Yaya, mutane fa suna jira. Me zan ce musu?"

"Ba abin da za ka ce," in ji Baba. "Ni zan faɗa musu da bakina."

"A haka? Bari in shigo da su nan mana."

"A'a. A zaune ɗansu ya same ni." Ya miƙa hannu wajen sandarsa. "Uwata, share fuskarki ki kama ni."

Na saka kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa ta hagu. Sau biyu muna yunƙurawa muna komawa, a na uku ya tsaya. Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa taka ƙofar gida da ƙafarsa ba. Umma ta ɗage mana labule, muka ratsa tsakar gida, sanda na gaba, ƙafarsa tana jan ƙasa a baya, har muka kai ƙyaure.

Da Kawu ya buɗe, hirar waje ta ɗauke ɗif. Dattawan nan huɗu suka miƙe tsaye gaba ɗaya.